Shagon zane da buga takardu na wajen kasuwar Dole, abin da ya burge ni da abin da bai yi min ba

Akwai wani shago ta wajen kasuwar Dole nan Damagaram, ba wani babba ba ne, ɗaki biyu ne da ƴar rumfa a gaba, amma kusan duk abin da ya shafi hoto da rubutu suna taɓawa, allon shago na fenti, bandarol, buga riguna, katin biki da na suna, tampo, fotokopi, sikan, har da ɗinke ƙananan littattafai. Ba zan kama suna ba domin akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan kushe, kuma bayin Allah ne masu neman abincin iyalinsu. Ni ɗalibar zane ce, ina karatu can Najeriya, kuma ɓangaren da na fi ba ƙarfi shi ne zanen da ake yi don ya raka rubutu ko ya kai saƙo, irin na littattafan yara da afish da takardun wayar da kai. Aikin da na zo da shi gida wannan bakans ɗin ɗan littafi ne shafi 16 girman A5, wato rabin takardar fotokopi, da afish guda girman A3, wato ninki biyu na takardar fotokopi, duk a kan kwana cikin sange lokacin damina saboda zazzaɓin cizon sauro, sai kuma ƴan riguna da nake so a buga wa yaran unguwarmu da suka taya ni. Duka a shagon nan na yi su, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Shagon kashi biyu ne kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A rumfa akwai dattijon da ke da wurin, mai buroshi da gwangwanayen fenti, kowa Baba yake ce masa ni ma haka na bi. A ciki kuma akwai saurayin da ke kan kwamfuta da injinan bugawa. In ka tambaye ni a taƙaice, aikin rumfa ban ga na biyunsa a garin nan ba, aikin ciki kuwa sai ka tsaya a kansa da idonka biyu.

Bari in daɗe kan Baba domin shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mutum in ya zo yana son allo, Baba ba ya fara da maganar kuɗi ko kala, tambayoyi yake jerowa, shagon naka bakin kwalta yake ko cikin lungu, masu wucewa a ƙafa suke ko a moto, rana ta wane gefe take dukan ƙofar, masu sayenka sun yi lekwal ko makarantar allo suka yi ko duka biyu babu. Daga amsar nan yake yanke girman harafi da yawan kalmomi da ko hoto ne zai ɗauki nauyin maganar. Na zauna na ga wani mai gyaran moto ya zo da takarda cike da Faransanci, layi kusan bakwai, yana so duk a zuba a allo, Baba ya karɓa ya duba ya ce masa "Malam, wanda motonsa ya mutu turo shi yake yana gumi, ba zai tsaya karatu ba", ya zana masa moto a tsaye da sufana babba a gefe, kalma biyu a sama, lambar waya a ƙasa, shi ke nan. Mutumin ya ɗan ɓata rai domin gani yake kamar an rage masa kaya, amma da aka jingina allon aka ce ya ja baya can bakin hanya ya duba, shi da kansa ya ce a bar shi haka.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne wallahi. Kwanon da ake allon da shi sai an goge shi an shafa masa fentin hana tsatsa ya bushe tukuna, sannan farin ƙasa, sannan ya ɗauko zare ya shafa masa alli ya ja ya sake shi ya bar layi miƙaƙƙe, a kan layin nan yake tsara haruffa da alli kafin buroshi ya taɓa. Ba ya gwada tazarar haruffa da ma'auni, da ido yake yi, domin harafi mai ƙusurwa kamar A da mai zagaye kamar O in ka ba su tazara ɗaya a ma'auni ido zai ga kamar akwai rami a tsakani, wannan abu mu sai da aka zauna aka koya mana shi a aji da misalai a littafi, shi kuwa hannunsa ne ya sani. Kala ba ya wuce uku ko huɗu, kuma yakan gargaɗi mutane kan ja, ya ce ranar Damagaram ja take fara ci, in allo gabas ko yamma yake kallo to a sa muhimmin rubutu da baƙi ko shuɗi mai duhu. Lokacin hunturu da iska ke ɗauko ƙura yana shigar da aiki ciki ya bushe, domin ƙura in ta hau ɗanyen fentin mai ta zauna ke nan har abada.

Wani abin da na ga yana yi cikin mutunci shi ne maganar zanen mai rai. Kun san garinmu, akwai wanda ba ya son a zana masa fuskar mutum ko dabba a ƙofar shagonsa, akwai kuma wanda bai damu ba. Baba ba ya jayayya da kowa, ba ya kuma yi wa kowa wa'azi. Mai aski in ya ce ba ya son kai, sai a zana masa injin aski da almakashi da mataji, tela a zana masa keke da riga a rataye, mai nama a zana wuƙa da tsire a jere. Saƙon ya isa, mai shago hankalinsa kwance. Ni a wurina wannan babban darasi ne a sana'armu, a ce an rufe maka hanya ɗaya ka nemo wata ba tare da ma'anar ta zube ba.

Da na nuna masa zanen littafina bai ce ya yi kyau ba bai ce bai yi ba. Ya ce "ɗiyata, wa kika yi wa?" Na ce iyaye mata, musamman waɗanda ba sa karatun boko. Sai ya rufe rubutun da tafin hannunsa, ya kira wata yarinya mai tallan gyaɗa da wani ɗan ga-ruwa da ke wucewa da kurarsa, ya ce su faɗi abin da suke gani shafi bayan shafi. Haka muka bi littafin duka a tsaye a rumfa, suna faɗa ina rubutawa a kaye. Yawanci sun gane, uwa tana cusa bakin sange ƙarƙashin tabarma, yaro na barci, an kife tsohuwar taya da gwangwani don kada ruwa ya kwanta. Inda suka tsaya suna gardama shi ne shafin da ke nuna dare, yarinyar ta ce dare ne ɗan ga-ruwan ya ce hadari ne ya haɗo, sai Baba ya ce a ƙara fitila ƴar tocila a hannun uwar da jinjirin wata a sama, magana ta ƙare. Bai karɓi ko dala a kan wannan ba, kuma gaskiya shi ne mafi tsadar abin da na samu a shagon.

A nan ne ya ba ni labarin irin afish ɗin da ƴan furoje kan kawo masa a sake bugawa, waɗanda aka zana a wata ƙasa, ka ga gado mai ƙafa da katifa da labule a taga, ga sauro an zana shi ƙato ya cika rabin takarda. Ya ce mace a ƙauye in ta ga haka cewa za ta yi wannan ba gidanmu ba ne kuma mu saurayenmu ba su kai haka girma ba, sai ta ɗauka maganar ba da ita ake ba. Mu nan da zafi ya shigo a tsakar gida ake kwana kan tabarma, sange kuma da sanduna ko ƙusa a bango ake ɗaure shi, to in hoton bai nuna haka ba ya bar mai kallonsa a baya. Inda muka saɓa da shi guda ne, yana son in sa babban gicciye ja a kan hoton yaron da ya kwana ba sange, ni kuma na ƙi, domin ba kowa ne ya tashi da sanin cewa alamar nan "kada a yi" take nufi ba, abin lekwal ne da alamun hanya, kuma ba na son uwa ta ga an soke yaro da jan layi. Na gwammace in nuna shi washegari a kwance ana taɓa goshinsa. Ya yi shiru ya ce to ki gwada da mutane ki gani, kuma na ji daɗin amsar, bai nuna min shi babba ne dole a bi nasa ba.

Abin da ke ci min rai a tsakanin mu ɗalibai shi ne yadda wasu ke raina irin wannan zane. Wai zanen gaske shi ne wanda ka yi don kanka, aka sa a firam aka rataye a zauren nuni, shi kuwa wanda aka yi oda, mai ranar karɓa, mai kuɗin da aka yi ciniki, wai aikin ƴan kasuwa ne. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Mai zanen saƙo kamar tela ne, duk iya ɗinkinsa rigar jikin wani za ta shiga, in ta matse mai ita to ba ta yi ba ko da surfanin ya kai inda ya kai. Kuma wannan ba ragi ba ne a fasaha, ƙarin wuya ne, domin kana da mai rubutun da za ka girmama, da mai biya, da injin da zai buga da iyakarsa, da mai kallon da ba ka taɓa gani ba wanda zai ba ka ƙiftawar ido kawai. Ko manyan da muke karanta tarihinsu, ƴan ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya da aka kafa a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun yi wa littattafai zane kuma ba wanda ya ce sun faɗi, Okeke ma daga zanen uli na matan Ibo ya samo layinsa. A Turai kuma Otto Neurath da abokan aikinsa a Biyana tun shekarun 1920 suka duƙufa kan yadda za a bayyana alƙaluma da harkar lafiya da ƙananan hotuna masu sauƙi, tsarin da aka sani da Isotype, kuma Marie Neurath ta zo har yammacin Najeriya a shekarun 1950 ta yi wa gwamnatin yankin ƙananan littattafai kan ilimi da lafiya da noma. Tambayar da suke yi ita ce dai wadda Baba ya yi min a rumfa, wa aka yi wa, kuma ya gane?

Mu ƴan Damagaram ma bai kamata a ce sai an je nesa an ɗauko mana hujja ba. Ka shiga Birni ko Zango ka ɗaga kai ka dubi fuskar tsofaffin gidaje, zanen da magina suka fitar a jikin bango kewaye da ƙofar zaure, dagi da da'ira da layuka masu sarƙa, an yi shi ne don mai wucewa ya san gidan wane ne da irin matsayinsa. Ka dubi aikin dukawanmu a jaka da matashi da kube, ka dubi zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Duk fasaha ce da aka yi a jikin abin amfani, da oda, da ciniki. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai, ayari na Agadas da na Kano nan suke haɗuwa, ido ya saba da kaya masu ado tun da daɗewa. Bangon littafina daga nan na ɗauko shi, na kewaye hoton da irin sarƙar da ke jikin ƙofofin Birni, kuma Baba da ya gani ya gyara min yadda igiyar dagin ke hawa da sauka, ɗaya sama ɗaya ƙasa ba tare da ta yanke ba.

Buga riguna ma a hannunsa yake da yaransa biyu, kuma nan ma na yaba. Sarigirafi suke yi, wato firam da aka ɗaure wa ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, a toshe inda ba a son tawada ta bi, a ɗora kan riga a ja tawadar da roba. Kowace kala firam ɗinta daban, shi ya sa kala biyu ta fi ɗaya tsada, kuma shi ya sa tun kafin ka zo ya kamata ka san zanenka ba zai ɗauki inuwa mai narkewa irin ta fensir ba, sai layi mai kauri da fili mai cika. Na kai musu uwa da ɗa cikin sange da baƙi da kore kawai, ragar sangen suka ce in buɗa ta in rage yawan layukan domin sirara za su toshe, musamman da zafin nan da tawada ke bushewa a firam tun ana aiki. Rigunan sun fito tsaf, kala biyun sun zauna a kan juna ba zamewa, an wanke su kuma ba su fashe ba. Da sassafe suke wannan aikin kafin rana ta ɗaga.

To yanzu ciki, wurin kwamfuta. Saurayin yana da kirki da fara'a, hannunsa na da sauri a CorelDRAW, abin da yake haɗa zane da shi a kwamfuta, katin biki cikin ɗan lokaci ya haɗa maka. Amma saurin nan shi ne matsalar. Abu na farko, in hoto bai cika wurin da yake so ba sai ya kama gefe ɗaya ya ja, fuskar mutum ta baje ko ta yi tsawo, kuma shi bai ga komai a ciki ba. A gabana ya so ya yi wa afish ɗina haka don ya cika A3, na ce "ɗan'uwa don Allah tsaya, ka kama ta ƙusurwa", ya yi dariya ya ce ai ba wanda zai lura. Ana lura mana, ko wanda bai san dalili ba zai ji hoton bai kwanta masa ba.

Na biyu kala. Wannan ba duka laifinsa ba ne, haka abin yake ko'ina, allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa kala, ja da kore da shuɗi wato RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake yi, CMYK, kuma akwai kalolin da ke walƙiya a allo waɗanda takarda ba za ta iya ba. Amma shago mai kula zai gaya maka tun farko ya kuma buga maka gwaji guda. Nan sai ka nema, in ba ka nema ba duka za a zuba. Shuɗin daren da na yi ya fito ya karkata zuwa shunayya, wanda ya fi damuna kuma fatar mutane, launin ƙasa-ƙasa mai ɗumi da na ba uwar ya fito ya dushe ya yi duhu har ido da baki suka nutse. Wannan abu yana min ciwo sosai domin mutanenmu nake zanawa, ina so mace ta kalli hoton ta ga kanta da kyanta. Sai da muka zauna na rage baƙin da ke cikin kalar na haskaka ta fiye da yadda take a allo, aka sake gwaji, sannan ta zo daidai. Ya yi haƙuri da ni ban hana masa wannan ba, amma kuɗin kowane gwaji ni na biya.

Na uku haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Yawancin salon rubutun ado da ke cikin kwamfutarsa ba su da su, in ka ba shi rubutu ya zuba sai ka ga akwati fanko a wurin harafin, ko kuma shi ya goge ya sa b da d da k kawai ya wuce. A katin biki wataƙila a yafe, a littafin da yaro zai koyi karatu da shi ba zai yiwu ba. Kuma mu Nijar ƙa'idar rubutun da aka tsayar a 1999 da ƴ take amfani, ba 'y irin na Najeriya ba, to mai aiki tsakanin ƙasashen biyu dole ya san wa yake rubuta wa. Mafita ita ce ka zo da aikinka a PDF da haruffan a kulle ciki, kada ka bari a sake buga rubutun a shago. Ni taken bangon ma da hannu na rubuta shi aka yi sikan, ya fi min duk wani salon kwamfuta.

Sikan ɗinsu A4 kawai yake ɗauka, zanen da ya fi haka sai an yi shi biyu an haɗa, kuma ka ce masa 300 dpi da bakinka, wato ma'aunin kaifin hoton, layin tawada zalla ma 600 ya fi, in ba haka ba a ƙaramin da injin ya saba zai bar shi. Kada ka turo aiki ta WhatsApp a matsayin hoto domin matse shi yake ya kashe ingancin, ka tura shi a matsayin dokima. Kile USB kuma ka zo da wanda ba ka da komai mai muhimmanci a ciki, kwamfutar kowa na soka nasa. In hotonka zai kai har bakin takarda ka bar rarar milimita 3 kowane gefe saboda yanka, su ba za su tuna maka ba, kuma littafin da za a naɗe a ɗinke da ƙusa a tsakiya dole shafukansa su rabu da 4, shi ya sa nawa 16 ne. Ɗinkin da yankan sun yi kyau ba laifi, bangon a takarda mai kauri gram 250, cikin a gram 80 wadda ta ɗan yi siriri, inda na zuba baƙi da yawa ana hango shi ta baya. Sun ce mai kauri ta ƙare sai an kawo daga Kano, kusan duk kayan aikinsu daga can suke zuwa, tawada da fenti da takarda, to in hanya ta yi wuya ko canji ya motsa nan take ka ji a farashi.

Abin da ya fi duka ɓata min rai ba na inji ba ne. Saurayin nan ya saba duk hoton da yake so intanet zai shiga ya kwaso, ba ruwansa da mai shi, har da masu tambarin kamfani a jiki sai ya goge ko ya rufe da fure. Yanzu kuma ga hotunan da ake sa kwamfuta ta ƙirƙira, mutum ya zo da su a waya a buga masa a bandarol, mata da irin shigar da ba tamu ba, gidaje ba na nan ba, wani lokaci yatsu ma ba daidai ba. Da ya gama da aikina sai na ga ya ajiye hoton uwa da ɗan a wata jaka ta kwamfutarsa inda yake tara kayan aiki, na tambaye shi ya ce ai ko wani zai zo neman irinsa. Ban yi faɗa ba amma na gaya masa a fili cewa wannan guminmu ne, zane yana da mai shi kamar yadda waƙa take da mai ita, ƙasar nan ma akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Baba ya jiyo mu daga rumfa ya leƙo ya ce "goge mata, kayanta ne", ya goge a gabana. Na yaba da hakan, amma da ban lura ba fa? Duk mai zane da zai kai aiki wurin, ko wani shagon ma, ya tsaya har a goge fayil ɗinsa, ko a yi magana a kan kuɗi in suna son amfani da shi.

Maganar lokaci, ranar da suka ce ka zo ka ƙara kwana a kai. Wani lokaci kuran ne ke ɗaukewa, kuma gurup ɗinsu ƙarami ne ba ya ɗaukar babban injin, wani lokaci kuma mai katin biki ne zai faɗo da gaggawa a ajiye naka. Aikin Baba bai cika saɓa alkawari ba tunda shi hasken rana kawai yake buƙata. Farashi kuwa ban ga zalunci ba, fotokopi baƙi da fari 25 sefa kamar ko'ina, mai kala ya danganta da takarda da yawan tawadar da hoton zai sha, allo da riguna ciniki ake yi, kuma da suka ji ɗaliba ce sun yi min ragi ba tare da na roƙa ba. Wurin zama benci ne guda a rumfa, akwai randa da moɗa, kuma a matsayina na mace ban ga raini ko maganar banza daga kowa ba, yaran shagon "Malama" suke ce min, wannan ma abin faɗa ne domin ba kowane shago mace ke iya zama ta daɗe tana aiki hankali kwance ba.

Wani abu da na lura da shi kuma nake so masu kai aiki su gyara, a shagon nan kuɗin bugawa ake biya, kuɗin zane kamar kyauta ake ɗaukarsa. Mutum zai biya kwano da fenti da katako ba gardama, amma tunanin da Baba ya yi na me za a zana da yadda za a tsara shi, ba ya cikin lissafi sam, shi ma bai saba sa masa kuɗi ba. Haka ƙungiyoyi ke zuwa da kuɗin buga afish ɗari-ɗari amma ba su ware ko jika ɗaya ta mai zane ba, shi ya sa ake komawa kwasar na intanet. Na ce masa ya riƙa raba su biyu in yana faɗin farashi, wannan na kaya wannan na zane, ya ce mutane ba su saba ba za su gudu, ni kuma ina ganin in ba a fara ba yaran da ke koyo a hannunsa ba za su zauna a sana'ar ba, kabu-kabu za su koma.

Mai son allon shago, ko riguna masu kala ɗaya zuwa biyu, ko zanen layi baƙi da fari, ya je kansa tsaye ya nemi Baba da kansa, ya kuma bar shi ya yi tambayoyinsa. Mai aikin kala mai yawa, musamman in akwai fuskokin mutane, ya je da PDF a shirye, ya nemi gwaji guda kafin a zuba sauran, ya duba gwajin a waje cikin hasken rana ba ƙarƙashin fitilar shago ba, kuma kada ya bar wurin kwamfutar sai an fara bugawa. Ɗalibin zane kuwa ko ba shi da abin bugawa ya je da safe wajen ƙarfe 8 kafin kasuwa ta cika, lokacin ne Baba ke ja layi da haɗa fenti kuma yana da sararin amsa tambaya, ya tafi da zanensa a takarda ba a waya ba domin ba ya son duba ƙaramin allo.